Wace Takardar Shaida Ce Ke Ɗaga Mai Sana'ar Tallata Haja?

Wanda ya yi shekara uku ko huɗu yana aikin tallata haja, a kamfanin kayan masarufi ne, ko a banki yana yawon nemo masu ajiya, ko yana kula da shafukan sada zumunta na wani babban kanti, akwai lokacin da zai lura ya tsaya wuri ɗaya. Albashi ba ya motsi, an ɗauko wani daga waje an ɗora a kansa, abokan aiki kuma sun fara ba shi shawarar da kowa ya saba ji: "ka ƙara satifiket." Daga nan wayarsa za ta cika da sanarwar kwasa-kwasai, na Legas da na Ingila da na intanet, kowanne yana cewa shi ne mabuɗin ƙarin girma. Idan ya rikice bai yi laifi ba, domin masu sayar da waɗannan kwasa-kwasan talla ce sana'arsu, kuma sun iya ta. Abin da wannan sharhi ke son tabbatarwa shi ne, a wannan fanni takarda ba ta da wata daraja ita kaɗai. Darajarta tana fitowa daga wanda zai nemi ganinta, da kuma tsawon ran ilimin da ke bayanta. Wanda ya fara da tambayar wacce ta fi suna ya riga ya kama hanyar ɓarnar kuɗi.

Sai an fara gane bambancin wannan sana'a da wasu kafin maganar ta zauna. Lauya ba ya tsayawa gaban alƙali sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi an rantsar da shi. Likita ba ya duba marar lafiya sai da lasisin majalisar likitoci. Akanta ma, tun da aka kafa cibiyar akantoci, ICAN, da doka a 1965, sa hannunsa a kan littafin kuɗin kamfani yana da nauyin da na wani ba shi da shi. A waɗannan fannoni takarda ƙofa ce, babu ita babu shiga. A tallata haja kuwa, manyan kamfanoni cike suke da manajoji waɗanda suka karanta kimiyyar haɗa magunguna, ko tarihi, ko aikin injiniya, suka shigo ta sashen sayar da kaya suka yi ta hawa. Mai ɗaukar aiki a nan abin da ya fara dubawa shi ne wane kaya ka taɓa riƙewa, a wace kasuwa, kuma me ya faru da cinikinsa a hannunka. Wannan ba ya nufin takarda banza ce. Yana nufin dole mai neman ta ya san aikin da yake so ta yi masa, tun da ba ita kaɗai ke buɗe ƙofar ba.

A Najeriya akwai takardun da doka ce ke tsaye a bayansu, kuma daga su ya kamata a fara lissafi. Cibiyar masu sana'ar tallata haja ta ƙasa, NIMN, an kafa ta da dokar majalisa a 2003, bayan haɗe ƙungiyoyi biyu da suka gabace ta, aka ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista da tsara musu ƙa'idoji. Tana da jarrabawarta, tana kuma da matakan zama mamba, daga ɗalibi har zuwa babban matsayin da ake ba waɗanda suka jima a fagen. Ɓangaren talla zalla, wato shirya sanarwar da za a sa a rediyo, talabijin, allon bakin hanya ko intanet, yana ƙarƙashin wata hukuma dabam. Ita ce APCON da aka kafa a 1988, wadda sabuwar doka ta mayar da ita ARCON a 2022 tare da ƙara mata iko. Ita ke tantance talla kafin a fitar da ita, kuma ta nuna da gaske take: daga 1 ga Oktoban 2022 ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya, a cikin watan kuma ta kai kamfanin Meta kotu tana neman naira biliyan 30 a kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. Masu hulɗa da jama'a su ma suna da tasu cibiyar, NIPR, wadda aka kafa a 1963 ta kuma sami goyon bayan doka a 1990. A Ghana akwai cibiyar masu tallata haja, CIMG, da majalisar ƙasar ta ba ta dokarta a 2020.

Za a iya cewa, ai dubban mutane suna wannan aiki babu rajistar kowa, kuma ba a kama su ba. Gaskiya ne, musamman a ɓangaren NIMN, inda ba kasafai kamfani ke korar ma'aikaci don ba mamba ba ne. Amma wannan hujja tana da iyaka. Wanda yake so ya buɗe kamfanin shirya talla na kansa, ya riƙa karɓar aiki daga bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati, zai iske ana tambayarsa rajistar ARCON tun kafin a kalli aikinsa, domin babban kamfani ba zai yarda ya jawo wa kansa tara ba saboda ɗan kwangila. Sa'annan kuɗin waɗannan cibiyoyi da naira ake biya, kuma tarukansu ne wurin da ƙaramin ma'aikaci daga Kano ko Kaduna ko Maiduguri zai zauna teburi ɗaya da waɗanda ke raba muƙamai a Legas. Wannan amfani na ƙarshe ba a rubuta shi a jikin satifiket, amma sau da yawa ya fi abin da aka rubuta. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a ɗauka rajista ita ce ƙwarewa. Rajista tana tabbatar da cewa kana cikin tsari ne kawai.

Takardar da ta fi ɗaukar hankalin matasa ita ce ta CIM, cibiyar masu tallata haja ta Ingila, kuma sunan nata ba a banza ta samo shi ba. Asalin cibiyar ya koma 1911, ta sami amincewar masarautar Birtaniya a 1989, tana da ɗalibai da mambobi a ƙasashe da dama, musamman waɗanda Ingila ta taɓa mulka. Karatunta hawa-hawa ne bisa ma'aunin ilimi na can: mataki na 3 don sabon shiga, na 4 don ƙaramin ma'aikaci, na 6 wanda nauyinsa ya yi daidai da digirin farko don manaja, sai na 7 da ya yi daidai da digiri na biyu don masu tsara manufar kamfani. Amfaninta na gaske shi ne tana tilasta wa mutum ya bi fannin a tsare, daga binciken kasuwa zuwa zaɓen waɗanda za a sayar wa, zuwa auna sakamako, maimakon ɗan nan da ɗan can da ake tsinta a wurin aiki. Kuma manajan da ke Landan ko Dubai ko Nairobi, in ya ga haruffan nan uku a takardar neman aiki, ya san abin da suke nufi ba sai an yi masa bayani ba.

Matsalar tana wurin kuɗi, kuma a nan ne lissafin ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan. Ɗalibin CIM yana biyan kuɗi kashi uku, na zama mamba, na cibiyar da ke koyar da shi, da na jarrabawa, kuma abin da ke zuwa aljihun CIM da fam ake biya. Kafin watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024, fam kuma ya haura 2,000. A shekarar 2024 ɗin ce kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Ma'ana, takardar da ta kasance da tsada a da, yanzu ta ninka fiye da sau uku ga mai karɓar albashi da naira, alhali albashin nasa bai ninka haka ba. Ba a kuma gama biya ranar da aka ci jarrabawa. Wanda yake so ya ci gaba da amfani da matsayinsa na mamba sai ya riƙa sabuntawa duk shekara. Don haka shawarar da wani babba ya bayar bisa abin da ya gani a 2015 ba lallai ta dace da yau ba, ko da shi mai gaskiya ne. (Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram lissafinsa ya ɗan bambanta, domin sefa a ɗaure take da yuro, ba ta yin irin wannan tangal-tangal; sai dai shi kuma kamfanonin da zai nema sun fi sanin takardun tsarin Faransa.) Hukuncin da ya fito daga wannan shi ne CIM ta dace da mutum uku: wanda kamfaninsa zai biya masa, wanda yake aiki ko yake da tabbataccen burin aiki a kamfanin ƙasa da ƙasa, da wanda ya ƙudura barin ƙasar. Wanda ba ya cikin waɗannan, ya ci bashi ko ya sayar da fili don ita, ya yi sayen kifi a ruwa.

A ɗaya gefen akwai takardun da kusan kyauta ne, na Google da HubSpot da makamantansu, waɗanda ake yi a waya cikin kwanaki ko makonni. Suna da amfani, kuma duk mai wannan sana'a a yau ya kamata ya leƙa su, tun da ba su cin komai sai data da lokaci. Amma a san abin da ake saye. Kowane ɗaya daga cikinsu yana koya maka yadda za ka yi aiki da kayan kamfanin da ya shirya shi, kuma kamfanin yana da muradin ka kashe kuɗin tallarka a wurinsa. Google da kansa ya san wannan ilimi ba ya daɗewa, shi ya sa shaidarsa ta Google Ads shekara ɗaya take yi ta mutu sai an sake jarrabawa. A ranar 1 ga Yulin 2023 ya rufe tsohuwar manhajarsa ta ƙididdigar masu ziyartar shafuka ya maye ta da sabuwa, waɗanda suka ƙware a tsohuwar suka koma ɗalibai. A nan gida ma an ga irinta: daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter, wanda duk ƙwarewarsa a kan wannan dandali take ya zauna wata bakwai hannu rabbana. Yanzu kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta sanarwa, suna haɗa hoto, suna zaɓen wanda za a nuna wa talla, wato daidai aikin da yawancin waɗannan gajerun kwasa-kwasan ke koyarwa. Irin wannan takarda tana iya samo wa matashi aikin farko. Ba ta kai shi kujerar manaja, domin duk wanda ke layin neman aikin yana da irinta.

To mene ne ke kai mutum kujerar? Amsar tana cikin irin shawarar da ake yankewa a kanta. A 1993 kamfanin da ke yin madarar Cowbell ya shigo kasuwar Najeriya ya iske madarar gari ana sayar da ita a gwangwani, wanda talaka ba ya iya saye a lokaci ɗaya. Sai ya zuba ta a ƙananan leda, ya sa mata farashin da mai shayi da uwar gida za su iya biya kullum, ya kuma tabbatar ta isa kowane teburin mai kanti a unguwa. Yau kusan babu kayan masarufin da ba a sayar da shi haka, daga omo zuwa tumatir. Wannan nasara ba ta fito daga kyan waƙar talla ba. Ta fito daga sanin wanda ke saye, nawa ke shiga aljihunsa a yini, da hanyar da kaya ke bi daga masana'anta zuwa hannunsa. Tun 1960 malamin nan na Amurka, Jerome McCarthy, ya jera ginshiƙan fannin guda huɗu, kaya da farashi da wurin sayarwa da sanarwa, kuma sanarwar ɗaya ce kawai daga ciki. Manajan da ake nema shi ne wanda zai shiga ɗakin taro ya zauna gaban shugaban sashen kuɗi ya kare kasafinsa da alƙaluma: me ya sa za a ƙara farashi da naira hamsin ko a rage girman leda, me ya sa za a ƙara dila a Gusau a rage a wani wuri, nawa za a kashe yau don cinikin wata mai zuwa, nawa kuma don sunan kaya ya zauna a zukata. A kan wannan tambaya ta ƙarshe, binciken da Les Binet da Peter Field suka fitar a Ingila a 2013 ya nuna cewa kamfanonin da suka fi cin riba mai ɗorewa suna sa kusan kashi 60 cikin 100 na kasafin talla a gina suna, 40 a jawo ciniki na nan take. Ko mutum ya yarda da wannan rabo ko bai yarda ba, sanin cewa akwai muhawarar da iya shiga cikinta shi ke raba mai tsara aiki da mai aiwatarwa. Ma'aunin kowane kwas ke nan: a buɗe manhajar karatunsa a ga ko akwai farashi, rarraba kaya, binciken kasuwa da lissafin riba. In duk abin da ke ciki sanarwa ce da shafukan sada zumunta, an san iyakarsa.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ba za a tsallake ba, musamman a ƙasar da kasuwanci ya zama gado. Attajiran kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna juya dukiyar da manajoji masu haruffa a bayan suna ba su taɓa gani ba, kuma yawancinsu ba su taɓa zama ajin wannan fanni ba. Sun san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, sun san lokacin da atamfa ke tashi kafin salla, sun san la'adar da za ta sa dillali ya tura kayanka gaba da na wani. Idan haka ne, me ya kawo karatu? Amsar farko ita ce su ma sun yi karatun, shekara goma ko fiye suna yaron shago ƙarƙashin ubangida, kuma wannan makaranta ta fi kowace cibiya tsanani. Amsa ta biyu ita ce ta fi shafar mai karatu. Ɗan kasuwa da kuɗinsa yake ciniki, in ya yi kuskure aljihunsa ne ya ji, ba ya bukatar gamsar da kowa. Ma'aikaci kuwa da kuɗin wasu yake aiki, dole ya bayyana dalilinsa a rubuce ga mutanen da ba su taɓa taka Singa ba, wasu ma a wata ƙasa suke. Karatun yana ba shi hanyar fassara abin da ɗan kasuwa ya sani a ƙirji zuwa hujjar da kwamitin daraktoci zai sa wa hannu. Wanda zai gaji shagon mahaifinsa ya ci gaba da shi yadda yake, ba ya bukatar takardar kowa. Wanda zai mayar da shagon kamfani mai rassa da suna a leda, ilimin zai yi masa amfani, takardar kuwa ko oho.

Ƙorafi na biyu makamancin wannan ne, kuma shi ma yana da gaskiya a ciki: manhajar da aka rubuta a Ingila ta ginu ne a kan kasuwar da kusan kowane ciniki ke bi ta na'urar babban kanti, inda alƙaluma ke samuwa a danna maɓalli. A arewacin Najeriya mafi yawan kayan masarufi ta buɗaɗɗiyar kasuwa suke bi, daga dila zuwa mai sari zuwa mai tebur, rediyo yana isa inda intanet ba ta isa, kuma maganar malami ko fuskar ɗan wasan Kannywood tana iya yin abin da allon bakin hanya ba zai yi ba. Ba wata cibiya a waje da za ta koya maka wannan. Sai dai wannan dalili ne na haɗa karatu da zirga-zirgar kasuwa, kuma a nan ɗan Arewa yake da riba a hannunsa da bai cika lura da ita ba. Kamfanonin da hedkwatarsu ke Legas suna sayar wa miliyoyin masu jin Hausa, kuma suna bukatar wanda ya san harshen da kasuwar, ya kuma iya rubuta tsarin aiki da lissafinsa. Masu ɗaya daga cikin biyun suna da yawa. Masu duka biyun ne ke wuya.

Digiri na biyu na harkokin kasuwanci, MBA, zancensa gajere ne. Ya dace da wanda yake so ya fita daga sashen talla ya shugabanci kamfani gaba ɗaya, ko ma'aikacin gwamnati da jami'a inda takardar jami'a ce tsarin aiki ya fi ganewa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da makarantun kasuwanci, ga kuma ta Legas mai tsada da suna. Ma'aikacin gwamnati dai kada ya biya kuɗin kowace takarda kafin ya tambayi ofishin kula da ma'aikata ko ana lissafa ta a ƙarin girma.

Abin da ya fi cancantar gargaɗi shi ne kasuwar haruffa. Akwai ƙungiyoyi masu dogayen sunaye da ke aiko wa mutum wasiƙa cewa an zaɓe shi don babban matsayi, ya biya kuɗi ya zo otal a yi bikin kwana biyu, a rataya masa riga a ɗauki hoto. Babu aji, babu jarrabawa, babu wanda ya taɓa faɗuwa. Son laƙabi da ke cikin jama'armu ne ke ciyar da su. Masu ɗaukar aiki a manyan kamfanoni sun san waɗannan sunaye, kuma ganinsu a takardar mutum yana rage masa ƙima, domin yana nuna cewa wanda ke neman a ba shi amanar kasafin talla shi kansa talla ta yaudare shi. Tambaya biyu sun isa a gane su: wace doka ce ta kafa ku, kuma mutum nawa ne suka faɗi jarrabawarku a bara?

Saboda haka, kafin mai karatu ya tura ko sisi, ya yi wa kansa binciken kasuwar da ake biyansa ya yi wa wasu. Ya tattara sanarwar neman ma'aikata na muƙamin da yake hari, wanda ke hawa biyu sama da nasa, ya ga wace takarda ake ambata da suna, wacce aka ce dole, wacce aka ce ƙari ce. Ya nemi mutanen da ke kan wannan muƙami ya tambaye su abin da suke riƙe da shi da abin da ya yi musu amfani. Ya shiga wurin shugabansa ya tambaya ko kamfani zai ɗauki rabin kuɗin, domin amsar kanta za ta gaya masa darajar takardar a wurin. Ga mafi yawan masu karɓar albashi da naira kuma suke nufin zama a ƙasar, jerin da ya fi dacewa shi ne su yi kwasa-kwasan kyauta yanzu, su yi rajista da cibiyar da doka ta ɗora a kan ɓangarensu, su zuba sauran kuɗi da lokaci a karatun da ke koyar da farashi, rarraba kaya da lissafi, su jinkirta CIM har ranar da wani zai biya musu ko kuma aikin da ke bukatarta ya bayyana a gabansu.